"Muna Kan Gyara, Ku Yi Haƙuri": To Wa Zai Biya Mu Kwanakin Da Gyaran Ya Cinye?

 

Yau za mu taɓa abin da ke hannun kowa, wato wayar da kake karanta wannan rubutu da ita, in har Allah Ya sa ya buɗe maka. Daga Funtua zuwa Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Malumfashi, har Ɗandume da Faskari, kukan ɗaya ne. Sabis cike fal a fuskar waya, ga 4G a rubuce ɓaro-ɓaro, amma saƙon murya na minti ɗaya sai ka je ka yi la'asar ka dawo bai tafi ba. Mai POS ya danna, na'ura ta yi ta juyi, layi ya yi tsawo har bakin titi. In ka tambaya, amsar ba ta canzawa: ana aikin inganta netwok, a ƙara haƙuri.

Tun farko mu faɗi matsayarmu, don kada wani ya juya mana magana. Gyara abu ne mai kyau, mu ma muna so. Abubuwa uku ne ba mu yarda da su ba: a yi gyara ba sanarwa, a yi gyara ba ranar gamawa, kuma a ci gaba da karɓar kuɗinmu cif-cif kamar babu abin da ya faru. Mai injin niƙa in ya kwance injinsa zai sa sabon dutse, ba ya karɓar kuɗin niƙa a hannun matan unguwa ya ce su dawo jibi, in jibin ta yi kuma ya ce kuɗinsu ya ƙone. Da ya yi haka, da ranar zai bar unguwar. To me ya sa abin da ba mu yarda mai injin niƙa ya yi mana ba muke zuba ido kamfanonin biliyoyin Naira suna yi mana?

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ƙarfen sabis, don wanda ya san yadda abu yake aiki ba a cika rufe masa baki da Turanci ba.

Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake. Ruwan da ke fitowa ƙayyadadde ne, duk wanda ke kusa da shi daga nan yake ɗiba. Sandunan nan da kake gani a saman wayarka suna gaya maka kusancinka da famfon ne kawai, ba sa gaya maka yawan ruwan da ke ciki, ko yawan mutanen da suka riga ka ajiye jarka. Shi ya sa za ka ga sabis cike amma data ba ta motsi. Shi ya sa kuma ranar kasuwa, da mutanen ƙauyuka suka shigo gari da wayoyinsu, abin yake ƙara lalacewa, tsakar dare kuma ya riƙa gudu kamar ba shi ba.

Bayan ƙarfen kuma akwai hanyar da ke kai masa ruwan. A manyan birane waya ce ta gilashi da ake binnewa a ƙasa, wadda ake kira faiba. A wurare da yawa na karkara kuwa faranti ne da ke saman ƙarfen yake miƙa saƙo ta iska zuwa wani ƙarfen, wancan ya miƙa wa na gaba, har a isa inda faiba take. In ɗaya ya tsaya a tsakiya, duk na bayansa sun shiga uku.

To idan aka ce ana gyara, me ake yi? Wani lokaci ana sauke tsofaffin na'urori ne a ɗora sababbi, dole a kashe ƙarfen ko wani ɓangarensa, sai nauyin mutanensa ya koma kan ƙarafan da ke maƙwabtaka da shi, waɗanda da ma da ƙyar suke ɗaukar nasu. Wani lokaci kuma zangon iska ake sake rabawa. Masu sauraren rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango; haka kowane kamfani yake da nasa zangon da ya saya a hannun gwamnati, kamar gona mai iyaka. In yana so ya faɗaɗa 4G, sau da yawa sai ya yanki wani ɓangare na gonar 3G ya ƙara mata. Mai sabuwar waya zai ji daɗi daga baya. Mai tsohuwar waya, da mai tsohuwar na'urar POS, shi gonarsa aka rage, kuma ko an gama gyaran ba lallai ta dawo ba.

Duk wannan aiki ne da ake tsarawa tun kafin a fara. Akwai injiniya, akwai ɗan kwangila, akwai jadawali, akwai lambar kowane ƙarfe a kwamfutarsu. Ambaliya ce ke zuwa ba shiri. Gyara da takarda yake zuwa. Kamfanin da ya iya turo mana saƙo har sau biyar a rana yana tallan waƙar kira da bashin kati, ya san lambarmu, ya san ƙarfen da wayarmu ke kwana a ƙarƙashinsa. Rashin turo mana saƙo guda cewa "daga ranar kaza zuwa ranar kaza za mu yi aiki a yankinku" ba gazawa ba ce. Raini ne.

Yanzu mu zo kan ciniki. Mu mutanen kasuwa ne, mun san mudu, mun san tiya, mun san sikeli. Me ake sayar mana in mun sayi data? Abu biyu: adadin giga da adadin kwana. Na ukun, wato gudun da datar za ta yi, wanda shi ne ke sa biyun farko su yi amfani, babu shi a cinikin. Kamar a sayar maka da buhun masara ne a ce kana da kwana 30 ka kwashe, sannan a kulle rumbun kwana 10, a ranar ta 30 kuma a ce abin da ya rage ya zama na mai rumbu.

Mu yi lissafi na misali kawai. A ce ka sayi datar wata ɗaya a kan Naira 3,000. Kowace rana ta tashi a Naira 100. In gyara ya hana ka amfana kwana 10, Naira 1,000 ta tafi. Wani zai ce ai ba ta taka kara ta karya ba. To a ce mutum 10,000 ne abin ya shafa a ƙaramar hukuma ɗaya, wanda ba wani adadi ba ne a gari kamar Funtua: Naira miliyan 10 ke nan. Wannan kuɗin datar ne kawai, ba a sa cinikin da ya kuɓuce ba.

Za su ce ai akwai tsarin maido da datar da ta rage. Gaskiya ne akwai, amma da sharaɗi: sai ka sake saye. Wato sai ka biya kuɗin buhu na biyu kafin a ba ka ragowar na farko. Kuma wa ya fi cutuwa? Mai albashi da ke sayen ta wata yana da sauran kwanakin da zai rama. Talakan da ke sayen ta kwana ɗaya, wanda shi ne mafi yawa a cikinmu, in ranar ta faɗa cikin gyara shi ke nan, kuɗinsa ya bi ruwa gaba ɗaya. Ga kuma abin da ba a faɗa: duk lokacin da bidiyo ya ɗauko rabi ya tsinke ka sake dannawa, rabin farkon an riga an cire shi a datarka. Mummunan sabis ya fi mai kyau tsada.

Akwai masu cewa, har a cikin zauren nan, wai duk wannan surutu a kan TikTok da kallon ƙwallo ne, in sabis ya ɗauke ma yara sun huta. Masu wannan magana su shiga kasuwar Ɗandume lokacin kaka su tsaya awa ɗaya. Dillalin masara da waken suya da waya yake jin farashin Dawanau kafin ya yanke wa manomi kuɗi, manomin ma da waya yake tambayar ɗan'uwansa don kada a yi masa sakiyar da ba ruwa. Mai tumatir a Ɗanja da ya cika kwanduna yana jiran ya ji daga direba da mai saye a Kudu ba shi da kwana biyun da zai yi haƙuri, don tumatir bai san ana gyara ba. Mai shago a Malumfashi da aka ce masa "na tura" alhali alat bai shigo ba, ko ya riƙe kaya ya ɓata da kwastoma, ko ya saki kaya ya kwana da fargaba. Ɗalibin da zai cika fom ɗin JAMB ko ya duba sakamakon NECO yana da ranar rufewa. Matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗakinta, WhatsApp ne rumfarta. In data ta tsaya, an rufe mata rumfa ke nan, kuma ana karɓar kuɗin haya.

Kuma ba mu muka kai kanmu nan ba. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, Babban Bankin Najeriya ya janye tsofaffin takardun Naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, aka tilasta wa kowa komawa tiransifa. Dattijon da bai taɓa shiga banki ba sai da ya buɗe asusu don ya sayar da akuyarsa. Kafin nan, tun Disamba 2020, an bi mu da maganar haɗa layi da lambar NIN, muka yi ta kwana a layi, wasu aka rufe musu layukansu. Duk abin da aka ce mu yi mun yi. An ɗora kasuwarmu da kuɗinmu da shaidar zamanmu 'yan ƙasa a kan wannan sabis. Wanda ya hau da kai bishiya ba shi da bakin cewa tsani ba dole ba ne.

In akwai mutanen da ba sa buƙatar a yi musu bayanin darajar sabis a ƙasar nan, mu ne. A watan Satumba na 2021, bayan an rufe na Zamfara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga, har da Funtua, Bakori, Malumfashi, Ɗandume, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Sai a watan Disamba aka fara maido mana. Kusan wata uku, kuma a tsakiyar kaka. Kowa ya tuna yadda mutane suka riƙa biyan kuɗin mota su niƙi gari don kiran waya ɗaya, yadda aka riƙa hawa duwatsu ana ɗaga waya sama, yadda sana'ar POS ta durƙushe, yadda aka koma aika ɗan saƙo da takarda kamar zamanin kakanni. Wancan an ce don tsaro ne, an yi ta muhawara a kan ko ya yi amfani, kuma muka jure. Wannan na yanzu fa? Wancan aƙalla an fito an faɗa, an san wanda ya ba da umarni. Wannan kuwa rabin rufewa ne da babu mai ɗaukar alhakinsa. Kuma a ƙauyukan da ke bakin daji, kira ɗaya da ya shiga ko ya ƙi shiga cikin dare yana iya zama bambancin a tsere da a kwana a hannun miyagu.

Mu yi wa kamfanonin adalci, don ba ma so a ce mun yi shari'a da kunne ɗaya. Suna da nasu kukan, kuma ba duka ne ƙarya ba. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, kayan aikin da suke saye da dala sun ninka kuɗi. MTN ta bayyana asarar kusan Naira biliyan 400 a shekarar 2024. Yawancin ƙarafan sabis da janareta da batir suke aiki saboda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kuma kowa ya san kuɗin man dizal. Masu aikin hanya suna tsinke faiba, ɓarayi suna sace batir da waya, akwai wuraren da injiniya ba zai iya shiga ba sai da rakiyar jami'an tsaro. Wani lokacin ma matsalar daga nesa take: ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu. Wani lokacin kuma tiransifa in ta maƙale laifin banki ne. Duk mun yarda.

Amma ai saboda wannan kukan ne aka ƙara mana kuɗi. Ranar 20 ga Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da saƙo har zuwa kashi 50 cikin 100. Su kashi 100 suka nema. Saƙon tes ya tashi daga Naira 4 zuwa Naira 6. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi ta kumfar baki, ƙarin dai ya zauna. Hujjar da aka ba mu ita ce da wannan kuɗin za a sayo kayan aiki a inganta sabis. To ga tambaya: ƙarin kuɗin nan, an yi mana shi unguwa-unguwa ne, an ce sai an gama gyaran ƙarfenku sannan ku fara biya? A'a. Rana ɗaya ya sauka a kan mai zaune a Maitama da mai zaune a Tsiga. Wajen karɓa babu "ku yi haƙuri, muna kan aiki". Wajen bayarwa ne kawai ake tuna haƙuri. Mun biya kuɗin gyaran tun kafin a fara, yanzu kuma muna biyan kuɗin sabis ɗin da gyaran ya hana mu. Biya biyu ke nan a kan abu ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sannan asarar da kamfani ya yi a canjin dala ba manomin Ƙafur ne ya jawo ta ba. Shi ma dalar nan ta same shi a buhun taki da maganin feshi. Amma da ya kai masararsa kasuwa, babu wanda ya yarda ya auna da ƙaramin mudu don taki ya yi tsada. Ya ƙara kuɗi in kasuwa ta yarda, mudu kuwa sai ya cika.

Sai tambaya ta gaba: gyaran nan, don wa ake yi? A watan Disamba na 2021, daidai lokacin da muke murnar an maido mana da kiran waya kawai, a Abuja gwanjon zangon 5G ake yi, inda MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6. Da aka ƙaddamar a 2022, birane bakwai aka fara da su: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Babu laifi a wannan, ɗan kasuwa inda riba take yake fara zuwa. Amma a sani, zangon da aka sayar na 5G ɗin nan ba ya cin nisa, na wurin da gidaje suka cunkushe ne. Abin da karkara ke buƙata shi ne zangon ƙasa-ƙasa mai tafiya nesa ya ratsa gonaki, da ƙarin ƙarafa, da faiba da za ta biyo hanyar Zariya zuwa Funtua ta ratsa Bakori da Malumfashi ta kuma shiga ƙauyuka, ba ta wuce mu a gefen kwalta kawai ba. Mu ba mu roƙi 5G ba. A ba mu 4G mai aiki ranar kasuwa, da kiran da ba ya tsinkewa. Garin da aka kafa wa tashar tsandauri don a riƙa fitar da kaya zuwa ƙasashen waje, yankin da ke ciyar da rabin jiha da masara da dawa, wanda audugarsa ta sa aka kafa masa injinan gurza da masaƙa, bai kamata a ce tura hoton rasit ya zama abin addu'a ba.

Dokar Sadarwa ta 2003 ma ta san da wannan. Ita ta tanadi asusun USPF, wanda aikinsa shi ne kai sadarwa wuraren da kamfani ba zai je don kansa ba saboda ƙarancin riba. Haƙƙinmu ne mu tambayi wakilanmu: ƙarafa nawa wannan asusu ya kafa a shiyyar Funtua, a ina suke, kuma nawa ne ke aiki?

Wani zai ce ai hukuma tana hukunta su. Ta taɓa yi, mu duba yadda ta kaya. A watan Mayu na 2012 NCC ta ci MTN, Glo, Airtel da Etisalat tarar Naira biliyan 1.17 a haɗe saboda rashin ingancin sabis. A farkon 2014 ta sake cin uku daga cikinsu tarar Naira miliyan 647.5, ta kuma hana su sayar da sabon layi na wata guda. A 2015 aka ci MTN tarar sama da Naira tiriliyan 1 saboda layukan da ba a yi wa rajista ba, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. To a cikinmu wa ya ga ko sisin kwabo daga waɗannan tarar? An mari Audu, an ba gwamnati haƙuri. Ku kuma lura da bambancin: laifin da ya shafi umarnin gwamnati, tiriliyan, laifin da ya shafi aljihun talaka, abin da kamfani zai mayar kafin rana ta faɗi. Muddin tara ta fi gyara araha, kuma kuɗin ba ya dawowa hannun wanda aka cuta, tsugune ba ta ƙare ba.

In kuma suka ce mayar wa kowa kwanakinsa abu ne mai wuya a na'ura, mu tuna musu tarihi. Da wayar salula ta shigo a 2001, Naira 50 ake cirewa a kowane minti, ko daƙiƙa biyar ka yi. Aka yi ta roƙo a koma lissafin daƙiƙa, aka ce ba zai yiwu nan kusa ba. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, ba a daɗe ba sauran suka bi sahu. Abin da "ba zai yiwu ba" ya yiwu da aka taɓa aljihunsu. Na'urar da ta san daidai daƙiƙar da datarka za ta ƙone, ta cire maka bashin kati kafin ka ƙifta ido, ba za ta kasa ƙara maka kwana uku ba.

Don haka ga abin da muke nema, kuma babu na alfarma a ciki.

Na ɗaya, sanarwa kafin a fara. Saƙo a waya, da Hausa, mai ɗauke da sunan gari ko unguwa, ranar farawa da ranar gamawa. A kuma faɗa a gidajen rediyo, don ba kowa ke karanta tes ba.

Na biyu, a tsayar da agogo. Duk ranar da ƙarfen yanki ya kasa ba da sabis yadda ya kamata saboda aikin da kamfani ya tsara, a ƙara wa mutanen yankin wannan ranar a kan datarsu kai tsaye, ba sai sun roƙa ba, ba kuma sai sun sake saye ba. Mai ta kwana ɗaya a maido masa da kwanansa.

Na uku, a duba kalandarmu. Aikin da zai kashe ƙarfe a yi shi cikin dare, a kauce wa ranakun kasuwa, a kauce wa tsakiyar kaka. Ba a rushe rumbu ranar da ake shigo da hatsi.

Na huɗu, kafin a rage zangon 3G ko a kashe shi a wani yanki, a faɗa da wuri, a ba masu tsofaffin wayoyi da na'urorin POS lokaci su shirya.

Na biyar, NCC ta riƙa fitar da sakamakon awon ingancin sabis ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a harshen da za mu gane. In aka haɗa Legas da Sabuwa aka raba biyu aka ce sabis ya inganta a Najeriya, an yi lissafi daidai amma an faɗi ƙarya. Shugaban hukumar, Dakta Aminu Maida, ɗan jihar nan ne, ba sai an yi masa kwatancen inda Faskari take ba.

Na shida, in za a ci tara, kaso mafi tsoka ya koma wa waɗanda aka cuta, a matsayin kati ko data.

Saura namu aikin. Zagi a ƙarƙashin wannan rubutu ba zai motsa kowa ba, don ba sa karantawa. Abin da ke motsa hukuma shi ne rubutacciyar shaida mai yawa. Duk ranar da data ta tsaya, ka ɗauki hoton fuskar wayarka da ke nuna lokaci, ka rubuta gari da unguwa. Ka kira kamfaninka ka shigar da ƙorafi, kuma kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar ƙorafin. In ba su gyara ba, ka kira 622, layin NCC ne na masu ƙorafi kuma kyauta ne, ka ba su wannan lambar. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya share shi. Na mutum 500 daga gari ɗaya a mako ɗaya, da rana da lokaci, sai an yi zama a kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shugabannin kasuwa, ƙungiyar masu POS, dillalan hatsi, 'yan tumatir, direbobi, ƙungiyoyin ɗalibai: ku kuke da hatimi da takarda mai kan ƙungiya. Ku rubuta takarda ɗaya, ku sa hannu, kwafi ga kamfani, kwafi ga NCC, kwafi ga sanatan shiyya da 'yan majalisar tarayya da na jiha. Lokacin kamfe da wannan sabis ɗin suke turo mana hotunansu. Su ma su ji yadda yake.

Abu ɗaya muke ja wa kunne a kai: kada fushi ya kai kowa ga taɓa ƙarfen sabis ko cin mutuncin yaran da ke aiki a shagunan kamfani da masu sayar da kati. Su ma 'ya'yanmu ne, ba su suka tsara komai ba. Wanda ya saci batir ko ya tsinke faiba kuwa, mu ya fara cuta kafin kamfani, kuma ya ba su hujjar da za su fake da ita. In kun ga mai yi, ku tona shi.

Ga abin da za mu yi a nan zauren. A ƙarƙashin wannan rubutu kowa ya ajiye sunan garinsa ko unguwarsa, ranar da abin ya same shi, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, da abin da ya hana shi yi. Kada a sa lambar waya, kada a yi zagi, kada a ƙara gishiri. Wanda kuma sabis ya gyaru a wajensu bayan aikin, shi ma ya faɗa, don gaskiya muke nema. In mako ya zagayo za mu tattara, mu ga taswirar da za ta fito, mu miƙa wa shugabannin ƙungiyoyin da suka shirya ɗauka.

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas. An ce mana gyara ake yi domin mu. To mu gani a waya, kuma kafin nan a daina ƙirga mana kwanakin da ba a ba mu ba.

Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya zaunar mana da yankinmu lafiya. Sai mun ji daga gare ku.